Tsohon Babur a Kan Dutsen Ƙanƙara

A watan Janairun 1934, a wani ƙaramin gari mai suna Valcourt da ke lardin Kebek na ƙasar Kanada, wani yaro ɗan shekara biyu ya kwanta da ciwon ciki mai tsanani. Asibitin da zai iya yi masa aiki yana birnin Sherbrooke, tafiyar kimanin kilomita hamsin, amma dusar ƙanƙara ta binne hanya, mota ba ta wucewa. Mahaifin yaron bakanike ne, ya kuma daɗe yana ƙoƙarin ƙera abin hawan da zai bi ta kan dusar, sai dai a ranar babu ko ɗaya cikin gwaje-gwajensa da zai iya ɗaukar mara lafiya. Yaron ya rasu. Sunan mahaifin Joseph-Armand Bombardier, kuma duk wanda zai ba da tarihin babur ɗin ƙanƙara sai ya biyo ta ƙofar garejinsa.

Ga mai karatun da bai taɓa ganinsa ba, ya ƙaddara babur ne da aka cire wa tayoyi. A gaba aka sa masa ƙafafu biyu dogaye masu sulɓi, su ne ake juyawa da kan babur. A baya kuma aka sa masa bel mai faɗi na roba, mai haƙora, yana zagayawa kamar na katafila. Mutanen Kanada da yawa Ski-Doo kawai suke ce masa ko da wane kamfani ya ƙera shi, kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo. Abin da ya ja mu gare shi, mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, shi ne wata tambaya da muke fama da ita kullum a wurin aiki: idan abu ya tsufa, wanda ya ƙera shi ya juya masa baya, wa ke riƙe shi, kuma da wane sani?

Bombardier bai fara a 1934 ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya ɗora injin tsohuwar Ford a kan katakon sulɓi, ya sa masa farfela irin ta jirgin sama. Mahaifinsa ya ga yadda farfelar ke yankan iska, ya ce a kwance abin kafin ta yanki mutum. A 1926 ya buɗe garejinsa. Bayan rasuwar ɗansa ya duƙufa, har ya gano abin da ya gagari na gabansa, wato ƙafar giya mai haƙora da aka lulluɓe da roba, wadda ke jan bel ba tare da ƙanƙara ta cushe ta ba. Ya sami takardar mallakar wannan ƙira a 1937, ya fito da mota mai suna B7, mai ɗaukar mutum bakwai. Likitocin ƙauye da limaman coci da masu ɗaukar marasa lafiya su ne suka fara saye. A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin Kebek ta fara share hanyoyin karkara da hunturu, kasuwar manyan motocin ta faɗi, shi kuwa ya koma ga tsohon burinsa na ƙaramin abin hawa na mutum ɗaya. Ski-Doo ya fito a 1959. Ana ba da labarin cewa Ski-Dog aka so a sa masa, don ya maye gurbin karnukan da ke jan kaya, kuskuren ɗab'i ya mayar da shi Ski-Doo.

A Amurka ma ba a zauna ba. Carl Eliason na jihar Wisconsin ya haɗa nasa tun 1924 da injin kwalekwale. A garin Roseau na jihar Minnesota, wasu maƙeran kayan noma, Edgar Hetteen da ƙanensa Allan da David Johnson, suka haɗa nasu a tsakiyar shekarun 1950 da abin da suka samu a tsakar gida, har da bamfar tsohuwar mota da suka mayar ƙafafun gaba. Wannan shi ne asalin Polaris. A 1960 Hetteen ya ratsa Alaska daga Bethel zuwa Fairbanks, kusan kilomita 1,900 cikin makonni uku, don ya nuna abin ba wasan yara ba ne. Da ya dawo suka saɓa da masu jarin kamfanin, ya fita ya kafa wanda daga baya ya zama Arctic Cat. A watan Afrilun 1968 kuma ayarin Ralph Plaisted ya isa ƙuryar arewacin duniya a kan Ski-Doo masu ƙarfin doki 16. Cikin mutum huɗun da suka isa akwai Walt Pederson, wanda aikinsa shi ne gyara. Tun asali ba a rabuwa da bakanike a wannan tafiya, kuma sau da yawa mahayin shi ne bakaniken.

Daga nan kasuwa ta buɗe kamar an ɓalle dam. A farkon shekarun 1970 kamfanoni sama da ɗari ne ke ƙera shi, a 1971 kaɗai an sayar da kusan rabin miliyan. Massey Ferguson da manomanmu suka sani da tarakta ya yi nasa, John Deere ya yi, Harley-Davidson da Suzuki da Kawasaki duk sun tsoma hannu. Sai tsadar mai ta 1973 ta zo, ta haɗu da wasu shekaru na ƙarancin dusa, kamfanonin suka riƙa zubewa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 manya huɗu suka rage: Bombardier, da Polaris, da Arctic Cat, da Yamaha. Arctic Cat ɗin ma sai da ya karye a farkon shekarun kafin a tashe shi. Dubban babura suka zama marayu, babu kamfani, babu dila, babu sabon kayan gyara. Masu su suka koyi yanka biyu su tashi ɗaya, da neman fistin wani inji ya shiga wani.

A daidai wannan lokaci wani masanin halayyar al'umma, Pertti Pelto, yana zaune da mutanen Skolt Sami a arewa maso gabashin Finland, masu kiwon wata barewa mai manyan ƙahoni da ke jan musu kaya. Babur na farko ya shigo yankin a farkon shekarun 1960, kafin shekara goma keken da barewa ke ja ya kusa ɓacewa. A littafin da ya fitar a 1973 ya nuna yadda mutanen da a da sufurinsu ke cin ciyawar ƙasarsu suka koma dogara ga fetur da kayan gyaran da ake kawowa daga nesa, yadda buƙatar kuɗi ta ƙaru, yadda iyalai da yawa suka fita daga kiwo. Wanda ya iya gyara nasa ya fi daɗewa a fage.

Babur ɗin dutse ƙanen waɗannan ne, ya zo a makare. Na yau da kullum an yi shi ne don hanyar da aka daddale, tsawon bel ɗinsa inci 121. Amma a tsaunukan Rocky na yammacin Amurka da Kanada dusar tana da zurfi da laushi kamar garin alkama, mutum na iya nitsewa har ƙirji. Babur ɗin hanya idan ya shiga sai ya haƙa wa kansa rami. Mazauna tsaunukan ba su jira kamfani ba. Suka ƙara wa bel tsawo, suka ɗaura masa faifan roba don ya riƙa shebur ɗin dusa, suka matse ƙafafun gaba don ya yi sauƙin karkatawa a gefen tsauni, suka cire duk ƙarfen da ba dole ba. Sai a 1994 Ski-Doo ya fito da Summit mai bel inci 136, wanda ake ɗauka a matsayin na farko da aka ƙera takanas don dutse. Polaris ya biyo da RMK a 1996. Daga nan aka yi ta tsere, har bel ya kai inci 174, haƙoransa inci uku. Mu a fagenmu mun san wannan hali sarai: masu amfani da abu su yi masa kwaskwarima da hannunsu, kamfani ya gani, ya mayar da ita sabon samfuri ya sayar musu.

To me ake nufi da riƙon tsohonsa, kamar Summit ko RMK na ƙarshen shekarun 1990? A nan ne za mu ɗan zauna.

Injinsa mai bugu biyu ne, ɗan gidansu ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, sai dai shi yana da tankin mansa daban da famfon da ke aunawa, kuma ƙarfinsa na iya wuce doki ɗari. An zaɓe shi ne saboda rashin nauyi, domin a cikin dusa mai zurfi kowane kilo abokin gaba ne. Man da ke shiga tare da fetur shi kaɗai ne ke shafe fistin da boris. Shi ya sa daidaiton iska da fetur a kafireta ya zama batun rai da mutuwar injin, kuma a nan dutse ke shigo da tasa rigimar. Duk hawan ƙafa dubu, iska na yin shara-shara, inji na rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa. Mai doki 150 a bakin teku, idan ya kai ƙafa dubu goma, da ƙyar zai wuce 105. Kafireta kuwa ba ta san an hau ba, fetur ɗin da ta saba bayarwa shi za ta ci gaba da bayarwa, sai inji ya shaƙe, fulogi ya jiƙe ya yi baƙi. Maganin shi ne a canza jet, wato ɗan ƙaramin ƙarfen tagulla mai huda da fetur ke bi, a sa mai ƙaramar huda. Hatsarin yana wajen saukowa. Wanda ya sauko kwari da ƙaramin jet, ko sanyi ya tsananta iska ta yi kauri, fetur zai yi wa iskar kaɗan, zafi ya hau, fistin ya narke ko ya manne a jikin silinda. Saboda haka tsofaffin mahaya ke yawo da ɗan akwatin jet da takardar lissafi mai nuna tsawo da sanyi, kuma suke karanta fulogi kamar malami da allo: ruwan ƙasa lafiya, baƙi fetur ya yi yawa, fari fat a kashe inji yanzu. Summit na farko ya zo da wata na'ura mai rage fetur da kanta gwargwadon hawa, ba da kwamfuta ba, da matsin iska kawai. Ita ma idan bututunta ya tsage sai ta fara yi wa inji ƙarya.

Babu giyar da ake sawa da hannu ko ƙafa. Kuloci biyu ne, ɗaya a jikin inji ɗaya a baya, da bel na roba tsakaninsu. Idan inji ya ɗau gudu, wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi suna buɗewa su matse na gaba, bel ya hau sama, giya ta canza da kanta. Tunda ƙarfi na raguwa a kan dutse, sai an sa ƙarafa marasa nauyi da sifirin da ya dace, in ba haka ba inji ba zai kai juyin da yake ba da ƙarfinsa ba, wajen dubu takwas a minti. Kulocin da ya yi datti ko ya goce yana dafa bel, bel kuwa idan ya tsinke a tsakiyar hawa, ƙararsa kamar bindiga. Babu mai fita ba tare da na ajiya ba.

Wani abin mamaki, dusar da yake yaƙi da ita ita ce abincinsa. Yawancinsu ba su da lagireto mai fanka. Ruwan inji yana bi ne ta wasu faranta a ƙarƙashin kujera, bel na watsa musu dusa suna hucewa. Bel ɗin kansa yana zamewa ne a kan wasu sanduna na roba mai tauri, dusa ce man shafawarsu. Idan aka bi hanya mai tauri da babur ɗin dutse, inji zai tafasa, robar ta narke ta manne. Don haka ake ɗaura masa wasu wayoyin ƙarfe masu karce ƙanƙara su tayar da ita. Sauran aikin na haƙuri ne: canza man akwatin sarƙa, sa girishi, wanke bawul ɗin salansa da baƙin hayaƙi ke ƙamewa, auna matsin silinda, duba robar da ke rufe bakin karanshaf domin idan ta tsufa tana shan iska a ɓoye ta ƙona fistin. Masu hankali suna canza fistin bayan 'yan dubban kilomitoci tun bai nuna alamar gajiya ba.

Kuma abin da ya fi kashe shi ba hunturu ba ne, zaman bazara ne. Wata shida ko bakwai yana ajiye. Fetur ya yi danƙo ya toshe jet, wanda aka gauraya da etanol ya jawo ruwa, tsatsa ta kama boris, ɓeraye su yi gida a akwatin iska su ci waya. Mai kula yana fesa mai a cikin inji kafin ya rufe, ya tsiyaye kafireta, ya ɗaga bel daga ƙasa, ya toshe salansa. Wanda ya yi sakaci zai sani a watan Disamba, wataƙila kilomita talatin daga mota, rana na faɗuwa da ƙarfe huɗu da rabi, waya babu sabis. A can lalacewar inji ba ɓacin rai kaɗai take jawowa ba, kwana a cikin sanyin da ke kisa take jawowa. Shi ya sa ba a fita mutum ɗaya, kuma kowa ya san dabaru biyu: idan igiyar tayarwa ta tsinke a naɗa wata a jikin kuloci a ja, idan za a ja mataccen babur a fara cire masa bel.

Sai kwamfuta ta shigo, kuma gaskiya ta zo da alheri. Tsohon inji mai bugu biyu yana zubar da wani kaso na fetur ɗinsa ɗanye ta salansa, duk wanda ya kwana kusa da ƙaramin janareta ya san warin. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa ƙa'idar hayaƙi da ta fara aiki kan waɗannan babura daga samfurin 2006. Kamfanoni suka koma ga injin da ƙwaƙwalwar lantarki ke auna wa fetur. BRP, wanda ya ɓalle daga Bombardier a 2003, ya ɗauko fasahar E-TEC daga injin kwalekwalen Evinrude ya sa a Ski-Doo na 2009. Yanzu na'ura ce ke jin tsawo da sanyi ta daidaita fetur sau da yawa cikin daƙiƙa. Akwatin jet ya zama tarihi, hayaƙi ya ragu, mai ya yi auki. A 2020 har an fito da Summit mai turbo daga masana'anta, mai cusa wa inji iskar da dutse ya ƙwace masa. Ba mu cikin masu cewa da ta fi yanzu. Wanda ya taɓa kwance kafireta da yatsun da sanyi ya sandare ba zai yi kewarta ba.

Sai dai sanin ya canza mazauni. A da yana cikin kan mahayi da launin fulogi, yanzu yana cikin manhajar da ke rufe. Makullin Ski-Doo na zamani yana da lambar da sai inji ya gane ta zai yi tafiya, kuma sa sabon makulli ko karanta wasu matsaloli na buƙatar manhajar BUDS da aka tanada wa dilolin kamfanin. Polaris yana da tasa mai suna Digital Wrench. Irinmu ne suka rubuta su, mun kuma san ba wani sihiri ba ne a ciki, shawara ce ta kasuwanci a kan wanda za a bari ya gani. A Amurka dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ta haramta fasa irin wannan kulle, sai a 2015 aka yi sassauci don gyaran abin hawa, sassaucin da sai an sabunta shi duk shekara uku. John Deere, wanda ya bar ƙera babur ɗin ƙanƙara a shekarun 1980, shi ne manoma suka fi ja da shi kan wannan batu game da tarakta. Kanada, mahaifar Ski-Doo, sai a watan Nuwamban 2024 ta gyara dokarta ta halatta wa mutum ketare kullen don gyara abinsa.

Akwai wani daidaito da ke ba mu dariya. A 1959 ɗin da aka haifi Ski-Doo, a ita aka haifi COBOL, harshen kwamfutar da bankuna da ma'aikatu suka gina lissafinsu a kai. A watan Afrilun 2020, da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa na'urorin jihar New Jersey yawa, gwamnan jihar ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL. Tsohuwar manhajar ta rayu ne saboda ana iya buɗe ta a karanta, kuma akwai sauran tsofaffin da suka iya karatun. Summit na 1998 haka yake. Yawancin abin da ke cikinsa ana iya gani da ido, a auna, a ƙera wani idan ta kama, kuma kamfanoni masu zaman kansu na ci gaba da yin fistin da gasket da bel ɗinsa. Muna shakkar na 2020 zai sami wannan gata idan ya kai shekara talatin, ranar da ƙwaƙwalwarsa ta ƙone, aka daina ƙera irinta, kwamfutar da ke magana da ita kuma ta zama kayan gidan tarihi. Ƙarfe ana iya tura shi wurin maƙeri, rufaffiyar manhaja kuwa sai mai ita.

A watan Yunin 2023 Yamaha, wanda ya shiga wannan kasuwa tun 1968, ya sanar cewa samfurin 2025 shi ne na ƙarshe. Sabon ayarin marayu ke nan a hanya, kuma da yawansu masu ƙwaƙwalwar lantarki ne, ba irin na shekarun 1970 da sifana da sukundireba suka ishe su ba. A garuruwan tsauni irin su Revelstoke, idan Oktoba ta shigo ƙanƙara ta fara sauka a kan kololuwa, masu tsofaffin babura suna janye tamfol, su leƙa akwatin iska ko ɓera ya bar wasiyya, su zuba sabon fetur, su ja igiya. A ƙarƙashin murfi akwai bel na ajiya, a jaka akwai fulogi biyu da igiya da ɗan akwatin jet, kowanne da lambarsa a jiki.